Ragon Maigari Ya Sauka a Gidana

Gumel

Mun bar Gumel bayan sallar asuba, mu uku: ni ma'aikacin sashen ruwa kuma tafinta, da Isiyaku direba, da wata Baturiya, wakiliyar ƙasar da ta gina mana rijiyoyin burtsatse. Buɗe su za mu yi. A shingen bakin gari ɗan sanda ya ga farar fata ya ƙame ya sara, mu 'yan ƙasa ko kallo ba mu ishe shi ba.

Gagarawa

Nan ba a daɗe ba. Tutar ƙasar Baturiya na jikin tankin ruwa ɓaro-ɓaro, tamu kuwa sai ka matsa kusa ka ganta. Aka tafa, aka ɗauki hoto, muka karya da ƙosai da kunu.

Sule Tankarkar

Da hantsi muka bar kwalta zuwa wani ƙauye. Maigari, dattijo mai ƙarancin magana, ya sa aka jawo farin rago.

"Ɗana, gaya mata ga tukwici."

Na fassara. Ta yi murmushi ta ce dokar ƙasarsu ta hana ta karɓar ko allura.

"Dokar ƙasarsu?" in ji Maigari. "To nan ƙasar wa ce? Wanda aka aiko wa kyauta shi ke ba ɗan aike tukwici. Mabaraci ne kaɗai ke karɓa ya wuce da godiyar baki. In ba ta karɓa ba, ku rufe famfonku, mu ci gaba da guganmu."

Na waiwaya, ga mata jere da jarkoki tun safe. Na san rijiyar garin, gaba talatin ce, ruwanta ja. Sai na ce wa Baturiya ragon nawa ne, rage mini hanya za a yi da shi a motar. Na juya na ce, "Ranka ya daɗe, ta karɓa, ta gode."

Fuskarsa ta washe. Da hannunsa ya murɗa famfon, mata suka rangaɗa guɗa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ta gaya wa shugabansu, a nan mutane ya taras." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Maigatari

Mun tsaya cin abinci kusa da kasuwar dabbobi. Wani direban Damagaram ya leƙa bayan motarmu.

"Kai, 'yan Najeriya! Yanzu har raguna Nasara ke raba muku?"

Isiyaku ya buɗe baki zai rama, na taka masa ƙafa. Shinkafar nan ban iya gama ta ba.

Gida

Bayan la'asar muka sauke baƙuwa a masaukinta, rago kuma a ƙofar gidana. Maiɗakina ta ce, "Malam, layya tun yanzu?" Na ce amana ce.

Ina gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da Isiyaku da ya riƙe bakinsa. Can ƙauye suna shan ruwa kansu a sama, sun tabbata ragonsu ya ƙetare teku. Ga shi nan ɗaure a gindin darbejiyata. Na kasa yankawa, na kasa sayarwa, mayarwa kuwa ba ni da idon yi. Kullum da safe ni ke kai masa dusa.