Ranar da Hakim Ya Leƙa Bakinmu

Ranar wata Talata, bayan an gama yankan riɗi a gonakin yankin Simsim, hakim, wato likita, ya sauka a makarantarmu ta Gadarif riƙe da ƙaramin madubi da tocila. Ina aji shida, kuma ni ne alfa, shugaban aji. Aikina kowace safiya uku ne: na farko duba farce, na biyu duba wuyan riga, na uku duba haƙora. Wanda na rubuta sunansa yana da bulala biyu wajen Ustaz, malaminmu.

Sunan da na fi rubutawa shi ne na Tesfay, ɗan gudun hijira daga Habasha, wanda iyayensa suka baro sansanin Um Rakuba suka kama aikin gona. Haƙoransa jajaye ne kamar na tsohon mai cin goro. Ya sha rantse mini cewa yana gogewa, ni kuma na sha gaya masa rantsuwa ba ta wanke baki.

Ustaz ya sanar cewa wanda hakim ya yaba wa baki shi zai riƙe alfa. Ban damu ba. Da sassafe na bi haƙoran gaba da gawayi, sannan gishiri, sannan aswaki, yadda duk yaran unguwarmu ke yi. Na jera aji bisa farin haƙori, ni a gaba, Tesfay a ƙarshe.

Hakim bai ko kalli haƙorana na gaba ba. Ya cusa madubi can ciki, ya tambaye ni cokali nawa na sukari nake zuba wa shayi. Na ce huɗu, na ɓoye zancen alewar riɗi. Ya ƙirga ramuka uku a haƙorana na tauna da ƙarfi, duk aji na ji. Haka ya yi ta gano ramuka a bakin 'yan gari. Da ya iso kan Tesfay ya daɗe yana haskawa, sannan ya gaya wa Ustaz cewa jan daga ruwan rijiyar garinsu ne, ba ya fita, amma babu rami ko ɗaya, don yaron da ya tashi a sansani bai saba da sukari ba.

Washegari Tesfay, sabon alfa, ya tsaya gabana riƙe da alƙalamina.

"Buɗe, ya Usman. Har ciki."

Na buɗe. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya wuce bai rubuta komai ba. Da ya rubuta, da ya fi mini sauƙi.

Yau jikokina kowa da buroshinsa da man goge baki, ni kuwa nama sai an daka mini. Tesfay ya koma ƙasarsu tuntuni, ban ma san garin ba. Ban taɓa ba shi haƙuri ba.