Daddawar Hajiya ba ta son dogon bayani

Ina tsakiyar karanta labarina sai na ga fuskokin da ke kan kwamfuta suna ta gimtse dariya.

Lokacin kullen korona ne, ina ɗakina a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje inda nake karatu. Na shiga zaman marubuta baƙar fata ta intanet, inda ake ƙarfafa wa juna gwiwa. Labarin a kan miyar kukar Hajiyarmu ne, ga shi an rufe iyaka, ba halin zuwa ganinta. Amma karatun digiri na uku ya riga ya ɓata ni, kowace kalma sai na yi mata bayani a ƙasan shafi. Daddawa kaɗai ta ci rabin shafi.

Jagorarmu, wata dattijuwa 'yar Kenya, ta gyara tabarau.

"Ɗana, in Hajiya za ta zuba daddawa, tsayawa take ta yi wa tukunya bayani?"

Na ce, "A'a, Mama."

"To, zuba mana kawai. Mu ma uwa ce ta haife mu."

Na goge bayanan, na sake karantawa. Har na kai ƙarshe ba wanda ya nemi fassara.

Ku fa, wane abincin gida kuka gaji da yi wa baƙi bayaninsa?