Shirun Mutanen Jiratawa

Shekaru ke nan ina shirya wa manya darasi ta wayar salula, na ga abubuwa iri-iri, mafi yawansu na manta. Amma akwai wani shiru na kwana goma sha biyu da mutanen Jiratawa suka yi mini, wanda ko tsufa ya zo ya kwashe mini tunani, ban ce zai iya tafiya da shi ba.

Lokacin ina sabon ɗauka a wata ƙaramar ƙungiya mai aiki da manoma, biro ɗinmu, wato ofis, a unguwar Zariya, nan Maradi. Na fito daga makarantar noma kaina cike da karatu, ina jin in aka ba ni dama har gero zan koya wa tsiro. Sai shugabarmu ta damƙa mini aikin shirya wa manoma formasiyo, wato horo, a kan wata baƙuwar tsutsa da ta addabi masara, mai shigewa can cikin zuciyar shuka ta yi ta ci. Na buɗe gurup biyu, ɗaya na masu garake, wato lambuna, a Tsibiri, ɗaya na masu noman rani a Jiratawa. Kowace safiya in tura saƙon murya na minti uku da hoto guda, in rufe da tambaya: "To, wa zai iya faɗa mini abin da ya gane?"

Mutanen Tsibiri ba su bar ni na huta ba. Amsa, gardama, tsokanar juna, har da mai turo mini kukan akuyarsa in faɗa masa abin da ke damunta. Jiratawa kuwa ko tari. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, alamar salula tana nuna duk sun saurara, wasu tun saƙon bai yi minti biyar ba. Darasi ɗaya, murya ɗaya, me ya raba garin nan biyu?

Na ɗora laifin a kan reso, wato sabis ɗin waya, aka ce reso lafiya lau. Na gajarta darasin, na sa barkwanci, na mai da shi bayan La'asar. Shiru. Na kira ɗaya daga cikin mutanen Jiratawan, ya ce, "Muna ji, Mushe, darasi ya yi kyau ƙwarai." Mushe, haka ake kiran malamin boko a wajenmu. Na ce to me ya hana ku amsawa? Ya ce, "A'a, ba komai," ya shiga tambayata iyali.

Ranar kwana na goma shugabarmu ta kira ni. Ta ce gurup ɗin da ba ya magana ba abin da za ta rubuta a kansa cikin rahoto. In har ƙarshen mako ba wanda ya tanka, za a rufe shi a koma wani gari. Na ji zafin maganar, domin na san masarar Jiratawa ta kai gwiwa, daidai lokacin da tsutsar ta fi ɓarna. Amma gaskiya son sanin dalili ya fi komai cina. Ranar kwana na goma sha biyu na hau moto, babur ɗina, na tafi, tunda an ce gani ya kori ji.

Na tarar da wasunsu a gindin wata bishiya kusa da kanal ɗin ban ruwa. Kafin ruwan da aka ba ni ya sauka, sun karanto mini darasina kaf, wani har yana kwaikwayon yadda nake gyaran murya kafin in fara. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma kaina ya ƙara kullewa. Da zan tashi, wani magidanci ya ce zai taka mini. Sai da muka yi nisa da mutane ya ce, "Mushe, wa ka hwara sakawa cikin gurup ɗin ga?"

Na ce, "Sarkin Noma mana, don girmamawa."

Ya ce, "To, kai in kuna zaune da tsohonka anka yi tambaya, kai ka riga shi amsawa?"

Nan na tsaya cak a kan kunyar gona. Gurup ɗin Tsibiri duk sa'o'in juna ne, ƴan fada guda ta zaman hira, shi ya sa suke ta zuba. A nan kuwa na ɗauki majalisar gari sukutum, da babbanta da yaranta, na zuba cikin salula, na zaci da shigarta ta koma aji. Sai dai da sauran rina a kaba. Su suna jiran Sarkin Noma, to shi me yake jira?

Na same shi a garkarsa, dattijo siriri mai farin gemu, ya naɗe ƙafar wando yana gyara hanyar ruwa. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har ya gane ni. Ya ce, "Kai ne mai magana cikin salula. Kullum kana cewa wa zai iya hwaɗa maka. Ɗana, ni ɗan lakwal ne, yaron makaranta, da zan ɗaga yatsa?"

Kunya ta rufe ni, na ba shi haƙuri. Ya yafito ni zuwa tsakiyar masara inda ba mai jin mu. Ya buɗe zuciyar wata shuka da babban yatsa, ga tsutsar kwance cikin kashinta. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Tsutsar gero na san ta. Hwara na san ta. Wagga ban san ta ba, kuma tsohona bai bar mini maganinta ba. Ka taɓa jin Sarkin Noma ya buɗe baki gaban ɗiyan gari ya ce bai sani ba?"

Tausayinsa ya kama ni. Kwana goma sha biyu ina jefa masa tambaya a bainar jama'a, kamar mai neman tona shi. Sai kawai na ce, "Baba, me ka gani game da ita?" Ashe tambayar da ya kamata in yi ke nan tun farko. Ya nuna mini inda take ƙwai a bayan ganye. Ya ce da hantsi take lafewa, kuma layin da tururuwa ke bi ɓarnar ba ta kai ta sauran ba. Ya kai ni wata kunya inda ya gwada zuba toka da rairayi a zuciyar shuka. Wasu abubuwan na karanta su, wasu kuwa ranar na fara ji.

Na roƙe shi ya maimaita in ɗauka in tura wa gurup. Ya dubi salular, ya ce in kunna. Ya yi sallama, ya gai da mutane, ya faɗi duk abin da ya gani. Na kai yatsa zan kashe, ya riƙe mini hannu ya ƙara da abin da ban roƙe shi ba: "Tsutsar ga baƙuwa ce, ni ma ban san ta ba. Mushe ya karanta ta, mu mun gan ta. Kowa shi hwaɗi abin da ya gani, mu taru mu koya."

Kafin in kai Maradi salular ta yi ta motsi a aljihuna har na tsaya a bakin hanya na duba. Saƙon murya ne bisa saƙon murya, kusan kowanne ya fara da gai da Sarkin Noma. Ba a rufe gurup ɗin ba, kuma yawancin masarar ta yi goyo a shekarar.

Tun daga ranar ba na tsara darasi sai na fara tambayar wa ke buɗe magana a wurin, kuma na daina cewa babba ya faɗi abin da ya gane, sai abin da ya gani. Manya ba rashin son ilimi ke sa su shiru ba, mutuncinsu suke tsaro. Na je Jiratawa da darasi goma sha biyu a salula, amma wanda ya buɗe bakin mutane shi ne na dattijon da ya yarda ya ce bai sani ba.