Ɗan Majalisa Mai Sukudireba a Aljihu

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran agogo da rediyo a wani ɗan shago jikin tashar mota, kafin 'yan unguwa su lallaɓe shi ya tsaya takarar majalisar jiha. Ana kiransa Zai-Gyaru, domin duk abin da aka kawo masa, ko mota ce ta bi ta kai, sai ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Zai gyaru." Ba ya ƙaunar sabon abu. Tun da ya yi aure bai yarda an sauya wa teburin falo wuri ba.

Da matarsa ta ji maganar takarar, sai da ta yi dariya har da hawaye. "Malam, kai da ko buroshin haƙori sai an yi rigima kafin ka sake, me za ka je yi can?"

Ya ce, "Hana su saye-saye."

Da wannan ya yi kamfen, ya kuma ci. Ranar da ya shiga ofis ya tarar ana fitar da tsofaffin kujeru, ga sababbi cikin leda an jera a baranda. Ya tare ƙofa, ya kifa tsohuwar kujerar da aka zo fitarwa, ya ɗaure mata noti biyu, ya hau ya zauna daram. Sakatariyarsa, wadda ta riga ta zaɓi tata sabuwar, mako guda ta yi tana gaishe shi a daƙile.

Manufofinsa ba su da yawa. Yana so a rage wa masu ƙananan shaguna haraji, a kuma dawo da darasin rubutun hannu a makarantu, don a cewarsa yaran yanzu in ka karɓe waya ko sunan ubansu ba sa iya rubutawa. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ƙudirin gyara: kada wata ma'aikata ta sayi sabon kaya sai ƙwararren mai gyara ya sa hannu cewa tsohon ya mutu murus. 'Yarsa ta fari lauya ce, ita ta tsara masa takardar.

"Baba, ba a rubuta 'murus' a doka."

"To yau an fara."

Ranar muhawara wani ɗan majalisa mai son zamani, da ake kira Injiniya, ya miƙe ya ce so ake a mayar da jihar bola. Yana cikin kumfar baki lasifika ta yi ƙara ta ɗauke. Kakakin majalisa ya ce a ɗage zama har a sayo sabuwa. Zai-Gyaru ya zaro sukudireba daga aljihu, ya rarrafa ƙarƙashin teburin Kakaki, ba a ganin komai sai tafin takalmansa. Bayan minti shida ya fito yana kaɗe gwiwa, ya miƙa wa Injiniya makirufo.

"Ci gaba da zagina, ƙanena. Waya ce kawai ta saki."

Injiniya ya ci gaba, muryarsa na fita tangaran, sai dai dariya ta hana kowa sauraro. Ƙudirin ya wuce da rinjayen ƙuri'a huɗu.

Ashe dokar ba ta faɗi wane ne ƙwararren mai gyaran ba, ma'aikatu kuwa suka ga babu wanda ya kai mai dokar ƙwarewa. Cikin wata guda ofishinsa ya cika da fankoki da firintoci, har da injin yankan ciyawa. Mutanen mazaɓa in sun kawo koke, a kan mataccen firij suke zama. Duk daraktan da ya zo neman sa hannu yakan koma da kayansa suna aiki, fuska a murtuke.

Da aka sake zaɓensa zango na biyu, 'yar tasa ta rubuta wa dokar kwaskwarima, a ɗauki masu gyara ashirin a raba wa ma'aikatu. Karo na farko ke nan da ya kaɗa ƙuri'ar ƙara wa gwamnati ma'aikata, kuma kwana biyu ya yi abinci ba ya masa daɗi. Da kansa ya tantance masu neman aikin. Bakwai ya sallama tun daga bakin ƙofa, don ya duba faratansu ya gan su fes.