Yaran da Ruwa Ya Bar wa Inna Aina'u

A ƙauyen Rijiyar Ɗinya, can gabas da Zakirai, da wuya ka sami ɗan ƙasa da shekara arba'in wanda ba Inna Aina'u ce ta yanke wa cibi ba. Ungozoma ce, a hannun kakarta ta koyi aikin. 'Yar gajeruwa ce mai saurin tafiya, ga faɗa idan ta ga an yi sakaci da mai jego. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da ɗanta Abdulrauf da matarsa Safiyatu a wani gida kan ɗan tudu.

Daminar shekara uku da suka wuce aka yi ruwan da har yau ake kwatance da shi. Tun hantsi ya sauko, bai ɗauke ba sai washegari da la'asar. Kududdufin tsakiyar gari ya cika ya batse, ruwa ya bi lunguna, gidajen ƙasa suka jiƙe suka dinga zubewa. Gero da gyaɗar gonakin kwari duk suka tafi. Mutum tara aka yi wa sutura, waɗanda suka rasa muhalli kuma suka tare a makarantar firamare.

Bayan kwana huɗu wata ƙungiyar agaji ta zo daga Kano da masara da tabarmi da gidan sauro. Jagoransu, Malam Abdulkabir, ya kafa tebur a gindin darbejiya, ya ce magidanta su yi layi, kowa ya karɓi rabon iyalinsa. Inna Aina'u ba karɓa ta je ba, wata mai tsohon ciki ta je dubawa. Tana fitowa ta hangi wata yarinya a rakuɓe bayan aji, goye da ƙaninta, ta zuba wa layin ido. Khaulat ce, 'yar shekara bakwai, wadda katanga ta faɗa wa uwarta. Ubansu Yahya, da aka binne matarsa ya kuma ga gonarsa ta zama tafki, sai ya ce zai shiga birni neman abin yi. Ya bar yaran a hannun maƙwabta, waɗanda su ma ba su da wurin kwana.

"Khaulat, kun ci abinci?"

"Jiya an ba mu kunu," in ji yarinyar.

Inna Aina'u ta kama hannunta, ta ratsa layin maza har gaban tebur.

"Malam, wanda ba shi da magidanci fa, a wane layi zai tsaya?"

Malam Abdulkabir ya ɗago kai. "Inna, ƙa'idar da aka ba mu ke nan. Idan ba wanda zai shaida yaran, rigima za a yi."

"Ni zan shaida su. Da hannuna na karɓe su ranar da suka zo duniya. Ɗauki alƙalaminka."

Nan a tsaye ta lissafa masa duk yaran da ba su da magidanci: sunan yaro, sunan uwarsa da ubansa, wanda ya mutu da wanda ya tafi. Yara bakwai, daga gida huɗu. Da ya tambayi gidan wa za a kai kayansu, ta ce, "Rubuta Aina'u."

Da Abdulrauf ya dawo daga gona ya tarar da tsakar gida cike da yara, ya ja uwarsa gefe.

"Inna, abin da ke rumbu ko mu kaɗai ba zai kai mu kaka ba."

"Na sani. Amma in ka ga wanda zan mayar bayan aji a cikinsu, nuna mini shi."

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, bai nuna kowa ba. Safiyatu kuwa tuni ta sauke tukunyar gida ta ɗora babbar da ake ajiyewa domin suna.

Mako uku masarar agaji ta yi ta ƙare. Daga nan Inna Aina'u ta ɗauki ƙwarya ta shiga bin gidajen da ruwa bai taɓa ba. Ba ta roƙo da murya ƙasa-ƙasa. Sallama take yi, ta ajiye ƙwaryar, ta ce rabon yara. Alhaji Garba mai shago ya ce ta yi haƙuri sai bayan kaka.

Ta ce, "Garba, ranar da naƙudarka ta kama uwarka ban ce mata sai bayan kaka ba."

Mutanen da ke zaune a bakin shagon suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariyar, ya auno mata dawa. Tun daga ranar bai fasa ba, kuma da liman ya yi maganar bayan sallar Juma'a, ƙwaryar ta daina komawa gida wayam.

Ba ta yarda yaran su tashi ba su san danginsu ba. Ta san gidan da aka auro kowace uwa, don haka ta dinga hawa motar kasuwa tana bin sawu, har Kunci, har Shanono. Huɗu suka koma hannun kakanni da gwaggwanni. Ko bayan ta miƙa yaro sai ta waiwaye shi ba tare da ta aika tana zuwa ba. A haka ta tarar an hana ɗaya daga cikinsu mai suna Ramlat makaranta, kullum tana bayan awaki, ta riƙo abarta suka dawo. Yara huɗu suka zauna mata ke nan: Ramlat, Khaulat da ƙaninta Mudassir, da wata marainiya da ba ta da kowa.

Bara, gab da shuka, Yahya ya dawo. Ya rame, ya tsugunna a zaure ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce dako ya yi ta yi a kasuwannin birni, kunyar dawowa hannu rabbana ce ta riƙe shi. Mudassir bai gane shi ba, ya ɓoye a bayan Safiyatu. Faɗan da Inna Aina'u ta tanadar wa Yahya shekara biyu yana bakinta, amma da ta ga yadda yake satar kallon yaron sai ta haɗiye.

"Ba yau za ka tafi da su ba," ta ce. "Ka tayar da ɗakinka, ka gyara gonarka. Kullum da azahar ka zo nan ku ci abinci a kwano ɗaya har su saba da kai."

Haka aka yi. Abdulrauf ya ara masa garma, ya taya shi bugun tubali. Da amfanin gona ya shigo gida, ita da kanta ta ɗaure kayan Khaulat da Mudassir ta raka su har ƙofar ubansu. Ta shiga ta duba rufin da wurin kwanciya, ta ce tagar ta yi ƙanƙanta, a faɗaɗa ta kafin zafi. Sannan ta juya da sauri, don tun ɗazu aka aiko ana nemanta a gidan wata mai naƙuda.