Gishirin Mai Neman Sarautar Rafi

A Kakuri na girma, lokacin da masaƙa ke da rai. Da yamma ta yi, ma'aikata sun fara fitowa, Kaka Saratu, mahaifiyar babana, za ta hura gawayi a ƙofar gida ta jera masara. Mu jikoki mu kewaye ta, wai fifita muke taya ta, alhali jiran wadda za ta ƙone muke yi, don ita ce rabonmu. Ciniki na lafawa sai ta gyara zama ta ce, "Ku matso, ga wata ta iso." Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da maimaitawa. Wai wani gari ne za su naɗa sarkin rafi, mutum biyu na nema. Ɗaya ya bi gida-gida yana raba gishiri, ɗayan ko ruwan sha bai ba kowa ba. Sai wata tsohuwa ta ce kafin a zaɓa, a je a ga inda kowannensu ke zubar da tokar murhunsa. Aka yi mata dariya. Ta ɗauki sandarta ta je ita kaɗai, ta tarar marowacin a gona yake zuba tasa, mai gishiri kuwa cikin rafi. Ta dawo ta faɗa, babu wanda ya saurare ta, kowa na lasar yatsa. Aka naɗa mai gishiri, gari duka ya koyi halinsa, rafi ya toshe. Da damina ta kankama, ruwa ya bi su har ɗaka.

Kullum sai na tambaya, "Kaka, gishirin fa?"

Ta harare ni. "Gishiri a cikin ruwa? Rifkatu, kanki ɗaya kuwa?"

Yau babu Kaka, masaƙa ta mutu, damina kuma ta daina sanin lokacinta. Sai a yi ta zafi kamar bakin tanda, sannan ruwan wata guda ya sauko rana ɗaya. Bara ruwa ya shigo mana har gindin taga. Ya tafi da katifa, da littattafan 'yata, da hoton Kaka guda ɗaya tak da muke da shi. Wannan hoton har yanzu yana ci mini rai.

Ga zaɓe ya matso. Shekaranjiya maƙwabciyata Mama Ngozi ta shigo da leda, wani ɗan takara ya aiko wa matan layinmu: taliya, magi, da ƙullin gishiri. Da na ga gishirin sai da na yi dariya.

"Abeg, sista, karɓi mana," in ji ta. "Duk ɗaya suke. Ki ci, ki zaɓi wanda kike so."

Na ce, "Mayar masa. Na je na ga inda yake zubar da tokarsa."

Kuma na je ɗin, da ƙafata. Shi ne ya cike hanyar ruwan da ke bayan layinmu, ya sare mangwarorin wajen, ya dasa shaguna. Abokin takararsa ba waliyyi ba ne, amma kwatar ƙofar gidansa na gudu, kuma da na tsare shi a taro kan magudanai da dashen itatuwa, bai yi mini kwana-kwana ba.

Su yi mini dariya, an yi wa wadda ta fi ni. Katin zaɓena na naɗe shi a leda, na rataye a ƙusa, taƙi ɗaya sama da layin da ruwan bara ya bari a bango. Ban goge layin ba, kuma ba zan goge ba sai na dawo daga rumfar zaɓe.