Uwar Gungu Ba Ta Auren Kowa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai Gwaggo Tani makwancinta a Wara, amma har yau in ƙamshin bandar kifi ya buge ni, sai in ji kamar za ta daka mini tsawa in juya tarwaɗar nan kafin ta ƙone. Ƙanwar mahaifina ce. An haife ta a wani gungu, wato tsibiri, cikin waɗanda ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse Kainji. Bandar kifi ce sana'arta har ƙarfinta ya ƙare.

Kowa ya san ba a tatsuniya da rana, har akan tsorata yara cewa mai yi zai ɓace a daji. Gwaggo kuwa da rana tsaka take tata, a bakin banda, mata na kewaye da ita ido na hawaye saboda hayaƙi. Labari ɗaya ne kullum, na Uwar Gungu, kuma ba ta taɓa rufe shi da ƙurunƙus ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Ƙarya ake rufewa. Ita wannan tana nan."

Kai, Uwar Gungu! Tsohuwa ce ƙatuwa, baƙa wuluk, hannuwanta duk tabon wuta irin na Gwaggo. Tana zaune a ƙarƙashin kogi da ƙwarya, tana raba wa garuruwa kifi. Masuncin da ya kama ƙananan kifi bai mayar ba, sai ta kife wa garinsu ƙwarya har ya tuba. In kwale-kwale ya kife da mai goyo, da hannu ɗaya take ɗago su. Ba ta da miji, ba ta kuma nema. Wallahi har yanzu tsikar jikina na tashi in na tuna yadda Gwaggo ke rage murya in ta zo wurin kife ƙwaryar. Wani malami ya taɓa yi wa Gwaggo faɗa a kan labarin, ta ce, "Allah gafarta malam, ban ce a bauta mata ba. Na ce yara su san mace ma tana riƙe gari." Ta tashi ta yi alwalarta.

Yau ga littattafan aljanu a waya, ga fina-finai. Aljanar ruwan da ke cikinsu fara sol, gashi har gadon baya, aikinta kawai ta so wani saurayi ta yi ta kuka. Da Gwaggo ta gan ta, na san abin da za ta ce: wannan ai ko kifi ɗaya ba za ta iya juyawa ba.

Bara ɗiyata Hauwa'u, mai rubuta irin waɗannan labaran a wani zauren mata na waya, ta saka Uwar Gungu a nata. Masu karatu suka taso ta gaba: a mayar da tsohuwar budurwa, a aura mata jarumin, in ba haka ba su watse. Yarinyar nan ta sha wahala kafin ta tara su. Ta same ni a madafa ta ce, "Inna, yaya Gwaggo ta ƙare shi?" Na ce ba ta ƙare ba. Raina kuwa ya ɓaci, na ƙara da cewa, "Ki yi yadda kika so, amma in kin aurar da ita, ki sake mata suna." Ta yi fushi da ni sosai.

Amma sai ta bar Uwar Gungu yadda take, tsohuwa da ƙwaryarta. Da yawa suka fice daga zauren, wasu har da baƙar magana, na kuma ga yadda abin ya ci mata rai. Ana cikin haka saƙon murya ya shigo daga Shanga. Wata tsohuwa ce, jikarta ke karanta mata labarin. Ta ce, "Ɗiyata, wa ya ba ki ita? Mu ma muna da ita a gungunmu. Na ɗauka ta nutse tare da garin."

Gwaggo ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba, ko bandarta an rushe. Ni ma, Allah ya sani, na ɗauka da ita aka binne Uwar Gungu. Ashe tana nan tana raba kifinta, mu ne muka daina leƙawa. Allah ya jiƙan Gwaggo Tani, ya haskaka kabarinta.